Ka Zana Shi, ko a Zane Ka

Rahila ce ta dawo daga biki a Hunkuyi ranta a ɓace, ta ƙi cin abinci, sai da uwarku ta matsa mata sannan ta faɗi abin da ya faru. Wai wata tsohuwa ce ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, da ta ce 'yar Dauda mai zane, sai tsohuwar ta taɓe baki ta ce ai ta san shi, shi ne ya zana wa soja Malam Sule na Taba. Rahila so take in ce ƙarya ne. To ba ƙarya ba ne, na zana shi, a tsakiyar kasuwa kuma, idon kowa a kaina. Sai dai tsohuwar nan rabin labarin ta sani. Ɗaya rabin ku kuka san shi, wato tabon da ke bayana da manuniyar hannuna na dama da ba ta lanƙwasuwa, wadda kuke kwaikwayo kuna dariya tun kuna ƙanana. Bari in haɗa muku su wuri ɗaya tun ina iya riƙe biro.

A shekarar da soja suka karɓi mulki suka ce za su koya mana ɗa'a, ina koyarwa a wata firamare a Ikara. Ba a daɗe ba aka fara rage ma'aikata, ni kuwa ina cikin waɗanda aka fara yi wa sallama. Na kwaso uwarku, tana ɗauke da cikin Yakubu, muka koma gidan Baba a Taba. Kun san mu ba 'yan asalin Taba ba ne. Kakanku Nomau mutumin Kurmin Kogi ne, ranar da ya karɓi baftisma danginsa suka ce ya bar musu gonar gado. Ya fito da Inna, ni ina goye a bayanta, suka yi ta tafiya ana nuna musu gaba, har suka iso Taba. Malam Sule, manomi ne Musulmi da bai taɓa ganinsu ba, shi ya sauke su a zaurensa, da damina ta zo ya yanka wa Baba gona daga jikin tasa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. In sun yi salla tuwonsu zai tsallako, in mun yi Kirsimeti namu ya tsallaka, kuma shi yake yanka mana akuyar don kowa ya samu ci. Baba Sule nake kiransa, har ya rasu ban taɓa kiransa da wani suna ba.

Zane kuwa tun ina yaro nake shan duka a kansa, don babu bangon gidanmu da ban ɓata da gawayin murhun Inna ba. A makarantar horon malamai na san cewa abin yana da ka'ida. Da aiki ya ƙare, na duba na ga babu abin da hannuna ya iya in ban da shi, don noma dai ko Baba ya san kunyata shi nake yi a kunya. Sai na fara ƙona gawayina da kaina. Rassan sabara nake yankowa, in fere su, in cusa a gwangwani in toshe bakinsa da laka, in binne a cikin wuta. Takarda ta yi wuya a lokacin, don haka buhun siminti nake warewa in ciri falle na tsakiya, wanda yake da ɗan kaushi, gawayi yana kama shi da kyau. Gogewa da cikin burodi nake yi. Abu na ƙarshe, wanda shi ne ran aikin, ƙaro ne. In jiƙa shi a kwalba ya narke, in tace, in haɗa bututun biro guda biyu in hura da baki, ya fita kamar raɓa ya sauka a kan hoton. In ya bushe ko ka shafa da hannu babu abin da zai tashi. In ba a fesa ba kuwa, hoton gawayi ƙura ce kawai a kan takarda.

Gidanmu babu wanda ya yi murna da wannan sana'a. Inna burodin ne ya tsaya mata a rai.

"Mutane suna layi tun safe su samu na shayi, kai kana goge takarda da shi. Allah ya shirye ka, Dauda."

Baba ba shi da yawan magana, amma in ya yi guda ɗaya sai ka kwana uku kana jin ta. Wata rana ya tsaya a kaina ina durƙushe a bayan rumbu, kumatu a kumbure ina hura ƙaro, ya daɗe yana kallona.

"Na sayar da shanun noma na kai ka makaranta," in ji shi, "ashe tofa wa takarda yawu za ka koyo."

Na roƙe shi ba sau ɗaya ba ya zauna in zana shi, ko zai ga abin ba wasa ba ne. Ya ce fuskarsa tana da aikin yi.

Duk ranar kasuwar Hunkuyi nakan ɗauki katakon zanena in zauna a gindin wata ɗorawa kusa da masu shayi. Abin da ya taimake ni, mai hoton garin ya rufe shago don fim ya gagara samuwa. Sai direbobi suka fara zuwa, da samari masu neman aure, da masu shago da ke son a zana musu kan aski ko keken ɗinki a allo. Akwai dattawan da in sun zo wucewa sai su kau da kai, don ba su yarda da hoton mai rai ba, Baba Sule ma yana cikinsu. Amma shi bai taɓa ce mini in bari ba, iyaka ya tsaya daga nesa ya ce, "Ɗan Nomau, ya kasuwa?" ya wuce.

Da damina ta kawo kai aka kawo takin zamani, aka ce sai an bi layi, aka turo soja daga Zariya su tsare layin. Shugabansu wani saje ne gajere mai faɗin ƙirji, sunansa ban sani ba har yau, Mai Dorina kowa ke ce masa a bayan idonsa. Ranar farko ya zo ya tsaya a gabana ya ce in zana shi. Ban kai ga ja layi biyu ba aka kira shi, ya tafi. Ni kuma da rawar kan ƙuruciya, maimakon in jira, sai na ƙarasa hoton da ka, har da ɗan tabon da ke girarsa. Da ya dawo ya gani sai da ya buɗe baki.

"Kallo ɗaya ka yi mini fa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ga fuska ba ta ɓace mini."

Ina jin daɗin kaina na faɗi wannan magana, har da murmushi.

Kasuwar da ta biyo, an kwana ana ruwa, filin layi duk taɓo. Akwai wani tsoho kurma daga wajen Kudan da ya fita daga layi ya je ya kama ruwa, ya dawo zai shiga wurinsa. Saje ya daka masa tsawa, tsohon bai ji ba, ina zai ji? Sai dorina. Ya zuba masa ta farko, ya zuba ta biyu, tsohon ya durƙushe yana kare kai, layi ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, har da ni a gindin ɗorawata. Da ya ɗaga zai ƙara, sai na ga wani dogon hannu ya fito daga layi ya cafke dorinar a sama. Baba Sule ne. A lokacin ya manyanta, ga ciwon ƙirji da ke kwantar da shi duk sanyi, amma hannun mai riƙe garma ne. Bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi, "Kurma ne, yaro." Saje ya fizga, Baba Sule ya saki, sai ga saje zaune daɓas a cikin taɓo, hularsa can gefe. Wani ya yi dariya, guda ɗaya tak, ya haɗiye. Kafin sauran sojan su zagayo daga wajen mota, layin ya buɗe ya rufe, Baba Sule ya bi ta rumfunan masu hatsi ya shiga gonakin rake.

Aka tara mutane aka yi ta tambaya. Babu wanda ya san shi. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna salla sahu ɗaya da shi suka ce baƙo ne, ƙila daga ƙasar Kano. An sa wasu tsallen kwaɗo, an mari wasu, bakin kowa ɗaya. Ina cikin naɗe takarduna a hankali zan sulale, sai na ga takalmin soja a gabana, taɓo har gwiwa.

"Kai ne fuska ba ta ɓace maka, ko?"

Na ce ina duƙe ina aiki, ban ga komai ba. Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce ya ga kaina a ɗage. Ya ce shi ma ya kalli mutumin ido cikin ido, don haka kada in yi tunanin zan kawo masa fuskar wani. Hoton zai kai Zariya a ɗauka a wanke da yawa, a ba kowane shingen hanya, a kai wa kowane mai unguwa. Ya tambaye ni ni ɗan ina ne, na ce Kurmin Kogi, wanda ba ƙarya ba ne. Ya kira sarkin kasuwa ya ce in ban zo kasuwa mai zuwa ba shi zai amsa. Sannan ya ɗora mini bakin dorinar a kafaɗa.

"Mai zane, ni ma mai zane ne. Ka zana shi, ko a zane ka."

Maganar ta yi masa daɗi har ya maimaita wa yaransa, suka yi dariya.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Da magariba muna tsakar gida, tuwo a gabanmu babu mai ci. Ta bayan katanga muna jin tarin Baba Sule, don ya dawo gida abinsa, ya ce ba inda za shi ga shuka ta fito. A lokacin nan in soja suka ɗauki mutum babu kotu babu ranar fitowa, kuma duk mun san mai irin ƙirjinsa ba zai yi wata guda a ɗakin siminti ba. Inna ce ta fara magana.

"Ka zana musu. Shi ya gudu mana, ai yana da 'ya a Makarfi. Ni ɗa ɗaya Ubangiji ya bar mini."

Uwarku ta ce in zana musu wata fuska daban. Na ce sajen ya san wanda ya gani, in ma ya yarda, duk fuskar da na ƙirƙira akwai wani bawan Allah mai kama da ita a wani ƙauye, shi za a kwaso. Ta ce to in ƙi zuwa. Na ce sarkin kasuwa ya san gidanmu, mari biyu zai kawo su Taba, in suka zo ƙofarmu kuwa ƙofar Baba Sule suka zo. Ta ce in je in ce ba zan yi ba. Na ce daga nan sun gane na san shi, kuma ni na san kaina, ban san iya dukan da zan ɗauka kafin bakina ya buɗe ba. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ba ni tsoro, kuma ban ji kunyar faɗa muku ba. Sai aka juya ana kallon Baba.

"Ranar da na zo garin nan," in ji Baba, "uwarka ƙafarta ta kumbura, kai kana kuka babu ko ruwa. Ƙofa nawa muka tsaya, shi kaɗai ya ce mu shigo. Ban san me za ka yi ba, Dauda. Amma in hannunka ya kai shi ga soja, ka nemi wani uban."

Inna ta fashe da kuka ta ce wannan wace irin magana ce, ɗan cikinka. Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari da ƙyar shi da limamin unguwa suka lallashi Baba Sule ya tafi wajen 'yarsa a bayan Makarfi, ta hanyar gona. Amma wannan bai raba mu da komai ba, domin in hoto ya bazu Makarfi ma akwai shinge, akwai mai unguwa.

Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. Dabarar ba zaune na yi na ƙulla ta ba, a bakin murhu ta zo mini. Uwarku ta jawo wani karan dawa da ya ci wuta, ta ɗan taɓa shi ya zama gari a hannunta, ta shafa a zanenta, na bi baƙin da kallo. Gawayin kara ya fi kowane gawayi baƙi da kyau a ido, amma ba mai aiki da shi don ba ya zama. Na ƙona kara cikin gwangwani. Na ciro tsohuwar kalandar coci daga bango, bayanta fari fat, sumul kamar faranti, irin takardar da gawayi ke zama a kanta ba tare da ya kama ba. Ban gaya wa kowa ba, har uwarku, don wanda bai sani ba ba a iya matsa shi ya faɗa. Ranar kasuwa da safe na ɗauki kwalbar ƙaro na juya ta a hannu, na tura ta ƙarƙashin rumbu, na fita. Baba yana ƙofar gida yana wasa fartanya, na gaishe shi bai ɗago ba.

Saje ya sa aka kawo benci tsakiyar kasuwa, ya ce a nan zan yi kowa ya gani. Da ya ga farar takardar sai ya ce yauwa, ba wannan takardar siminti ba. Na zauna na fara. Ku sani ban rage komai ba. Da na kuskure ko kaɗan zai gane, don haka na zana Baba Sule kamar yadda na san shi tun ina rarrafe: dogon goshin, hancin da ya ɗan karkace, furfurar da ta fi yawa a gefe ɗaya na gemu, idon nan mai kallon mutum a natse. Ban taɓa yin hoto mai kyansa ba kafin ranar, kuma ban taɓa ƙin aikin hannuna kamar ranar ba. Ina ji mutane suna matsowa a bayana, ina jin numfashinsu. Da idanun suka fito sai wata mata ta ce "Innalillahi" a hankali, wani ya ja tsaki. Ko numfashi da ƙarfi ban yi a kan takardar ba, don kada gawayin ya tashi tun a gabansa.

Saje ya karɓa ya riƙe ta gefe da gefe, ya daɗe yana kallo.

"Shi ne. Wallahi shi ne."

Ya ɗaga sama ya juya da shi ko'ina, ya ce wa ya san wannan. Babu wanda ya tanka. Sai wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Ɗan nan, ai duk tsofaffin ƙasar nan haka suke." Ni ba ta ita nake ba, babban yatsansa nake kallo, ya matso dab da gemun. In ya shafa ya ga baƙi ya biyo shi, zai tambaya, kuma yaransa sun sha ganina ina hura ƙaro a kan hoton direbobi. Ɗaya daga cikinsu ma ya ce, "Yau ba ka yi masa tofin ba?" Na ce wannan takardar Turawa ce, ba ta buƙata. Na miƙa hannu da ladabi na ce ranka ya daɗe kawo in naɗe maka, hadari na haɗuwa. Na naɗe ta tam, fuskar a ciki, ina naɗewa ina ɗan murzawa, na ɗaure da zare. Na ce ya sa a cikin riga kada ruwa ya taɓa. Ya cusa ta a ƙirji, a kan singileti da ta jiƙe da zufa, ya hau mota suka kama hanyar Zariya, wadda a lokacin rami ya fi kwalta yawa.

Da motar ta tafi na waiga, babu wanda ya yarda muka haɗa ido. Mai shayin da kullum yake ajiye mini katako ya turo mini shi da ƙafa. Wani dattijo da ya san ni tun ina yaro ya tsaya a gabana ya ce, "Gonar da ta ciyar da kai, ɗan Nomau," ya tofar da yawu ya wuce. Ba halin in ce komai, kasuwa kunnuwa gare ta. A gida Inna ta rungume ni tana kuka, Baba kuwa ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure, ko gaisuwata ya daina amsawa. Ta bayan katanga matan gidan Baba Sule suka daina yi wa uwarku sannu. Ni kuma ga wani tsoron, ban san ko dabarar ta ci ba. Ƙila saje ya buɗe a hanya tun bai gama gogewa ba, ƙila abin da ya rage ya isa a gane mutum.

Kasuwa ta zagayo na koma gindin ɗorawa, don rashin zuwa ma amsa ce. Babu wanda ya zo wurina sai saje. Ya diro daga mota tun ba ta gama tsayawa ba, ya warware takardar a fuskata. Baƙi ne kawai, dunƙule guda kamar gindin tukunya, sai kunne ɗaya da ya tsira a gefe. Daga baya na ji a gaban babbansu ya buɗe ta, aka yi masa dariya a ofis. Ban san lokacin da na ce "Na gode, Ubangiji" a zuciyata ba.

"Ina fuskar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gawayi ne, ƙila zufa ce ta taɓa shi."

Bai bari na rufe baki ba. Aka kwantar da ni a kan bencin da na yi zanen, aka yaye mini riga. Ba zan ba ku labarin dorina ba, kun ga sawunta. Abin da nake so ku sani shi ne tunanin da ya zo mini ana cikin yi. Na ga katakona da gawayina a ƙasa inda suka zube, sai na gane in ya huce zai ce in tashi in sake wani, wannan karon kuma a gabansa za a fesa ƙaro, ko a sa a gilashi. Duk wahalar ta tashi a banza. Sai na kai hannuna na dama baya kamar mai kare duka, na shimfiɗa shi a kan gadon bayana, na bar shi a nan. Jiki yana ce mini janye, na ƙi. Ban san sau nawa ta same shi ba, na dai ji lokacin da manuniyar ta yi ƙara.

Yadda na zata haka aka yi. Da ya gaji ya ce a tashe ni a ba ni gawayi. Aka sa mini a hannu ya faɗi, aka sake sawa ya faɗi, yatsun sun kumbura sun haɗe. Ya ce in yi da hagu, na yi masa wani abu da ko akuya bai kai ba, wannan kuma ba dabara ba ce, iyakar iyawata ke nan. Ya zage ni ya zagi uwata, ya ce zai dawo in hannun ya warke. Bai dawo ba. Taki ya ƙare kafin hannun ya warke, aka kwashe sojan aka kai wani wuri. Wani mai amalanke ne ya kai ni gida, a hanya ina jin wasu suna cewa Allah ya ƙara, ladan aikinsa ne aka biya shi.

Ina kwance rub da ciki a ɗaki, Inna tana gasa mini baya, mai ɗori ya gama da hannun ya tafi, sai Baba ya yi gyaran murya ya shigo. Rabonsa da yi mini magana tun ranar hoton. Ya ce wa Inna ta ba mu wuri. Ya durƙusa ya ajiye wani abu a gaban fuskata. Kwalbar ƙaro ce, duk ƙasar ƙarƙashin rumbu a jikinta.

"Kaza ce ta tono wannan ɗazu. Ka manta da ita ranar nan."

Na ce, "Ban manta ba, Baba."

Ya zuba wa hannun da aka ɗaure da kara ido. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin hawayen kakanku ba sai ranar, kuma bai share ba, ya bar su suka bi gemu. Ya ɗora tafinsa a kaina kamar yadda yake yi ina yaro in zazzaɓi ya kama ni, ya daɗe a haka. Da zai fita ya ce kada in gaya wa kowa tukuna, soja suna nan.

Haka muka haɗiye maganar. Daminar nan har kaka ban samu aiki ko ɗaya a Hunkuyi ba, ko da hannun ya warke. Sai da na koma kasuwar Makarfi da Ikara inda ba a san ni sosai ba, na koyi riƙe gawayi tsakanin babban yatsa da na tsakiya, manuniya a miƙe tana kallon sama. Masu sayen aikina a birni da suke cewa layina daban yake da na kowa, ga inda ya samo asali. An haifi Yakubu a wannan tsakanin, ranar suna mutanen da suka zo ba su cika tabarma biyu ba, uwarku ta yi kuka a ɗaki. Daga baya an faɗi gaskiyar ga wanda ya tambaya, amma waɗanda suka ga hoton da idonsu a kasuwa sun fi waɗanda suka ji bayanin yawa, shi ya sa har yau Rahila ta gamu da guda.

Baba Sule bai dawo Taba ba sai bayan an yi wani juyin mulkin, wasu sojan suka ture wasu. Ya rame, amma da ƙafarsa ya shigo, kuma ya yi shekaru bayan nan, a kan gadonsa ya cika, 'ya'yansa kewaye da shi. Kwana biyu da dawowarsa suna zaune a zaure da Baba aka aiko in zo, in taho da kayan aikina. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in miƙo hannun. Ya riƙe manuniyar a tafinsa yana juya ta. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙulli a ganye ya buɗe, ƙaro ne, manya-manya masu haske, irin wanda sai an shiga daji sosai ake samu.

"An ce naka ya ƙare ranar nan," in ji shi. "Ga wannan. Amma ni kada ka ƙara zana ni, da ƙaro ko babu. Ga tsohon nan, shi addininsa bai hana ba, taurin kai ne kawai."

Na kalli Baba, ina jiran ya ce fuskarsa tana da aikin yi. Sai na ga ya gyara zama, ya karkaɗe rigarsa, ya daidaita hula, ya ɗaga haɓa yana kallon ƙofar zaure kamar wanda za a yi wa aski. Hoton da ke falo ke nan, wanda kuke cewa Kaka ya ɓata rai. Ba ɓata rai ya yi ba, bai san yadda ake zama ba ne. Da na gama na juya masa ya gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya tura mini ƙullin ganyen da yatsa.

"Wannan ka tofa masa yawun," in ji shi. "Da yawa."